Kiɗa da wasannin da ake yi a fak lokacin zafi a New York, ya dace a kai yara?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zuwa garin nan. Watanmu takwas kenan a Bronx, wannan ne zafinmu na farko. An ba yara hutu tun ƙarshen Yuni wai sai Satumba za su koma, su uku ne, babbar shekara 9, mai bi mata 6, sai ƙaramin yana 2. Muna hawa na biyar, ɗaki biyu ne kuma fanka kawai gare mu, babansu tuƙi yake yi sai dare yake shigowa. Tun safe daga waya sai talabijin sai faɗa sai kuka. Shekaranjiya na tarar da babbar ta dafa taga tana leƙen titi, ta juyo ta ce min Mama su nan ba a fita wasa ne? Wallahi sai da na shiga banɗaki na share hawaye, yarinyar da a Kaduna sai an kira magariba ake jawo ta daga ƙofar gida.

To maƙwabciyata ta ba ni wata takarda, wai ana kiɗa da wasan kwaikwayo da wasan 'yar tsana a fak-fak na gari duk tsawon lokacin zafi kuma wai kyauta. Tambayata biyu ce. Da gaske kyauta ne ko sai ka je a ce kawo kaza? Na biyu, wuri ne da mace mai hijabi za ta je da yara ta zauna hankali kwance, ko dai matattarar 'yan shaye-shaye ce?

Hajiyar_Fordham:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kyauta ne, ko sisi ba za ki biya ba a mafi yawansu. Shekarata 17 a garin nan, yarana duk a irin wuraren nan suka yi hutunsu. Babban shirin sunansa SummerStage, ƙungiyar City Parks Foundation ke shirya shi, tun 1986 ake yi. Babban dandalinsu yana cikin Central Park amma suna zagayawa unguwanni, har nan Crotona Park suna zuwa. Akwai wasu darare kaɗan da ake sayen tikiti in babban mawaƙi ne, da kuɗin nan ake taimaka wa na kyautan, kuma za ki ga an rubuta a jikin jadawalin. Ke dai abin da za ki nema shi ne waɗanda aka ce na iyali ne, yawanci da rana ake yinsu ko da yamma lis.

Direba_718:
Kyauta kam kyauta ne. Amma Hajiya ki faɗa mata gaskiya duka, warin wiwi fa? Ni kullum ina sauke fasinja a bakin wuraren nan.

Hajiyar_Fordham:
Direba ai warin nan ko a ƙofar gininku kana jinsa, tun da aka halatta ta a jihar a 2021 ina ne babu? Dokar fak ta hana shan taba ma tun 2011, wasu ne ba sa bi. Amma na rana na yara ban taɓa ganin wannan ba, iyaye ne zalla da keken jarirai.

AbuSumayya:
Ni dai shawarata 'yar uwa ki ji tsoron Allah ki kame yaranki. Mun zo ƙasar da ba tamu ba, abin da ya rage mana shi ne tarbiyya. Yau an je kallon 'yar tsana, gobe kiɗa, jibi yarinya ta ce ita ma rawa za ta yi a gaban mutane, kuma a ƙasar nan ba ki isa ki ɗaga mata murya ba. Ga shigar da matan nan ke yi lokacin zafi, kowa ya sani. Akwai masallatai da yawa a Bronx da ke buɗe islamiyyar hutu, ki sa su can su ƙaru da hadda. Ban faɗi wannan don in ɓata wa kowa rai ba, tsoro nake ji mana gaba ɗaya.

Uwar_Biyu:
Malam AbuSumayya maganarka tana kan hanya, islamiyya dole ce, nawa ma suna zuwa Litinin zuwa Alhamis. Amma awa uku ce fa, ƙarfe ɗaya sun dawo, kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi. Sauran awa bakwai ɗin fa a ina za su yi? A kan waya. Kuma na rantse abin da yaro zai gani a waya cikin minti goma shi kaɗai a ɗaki ya fi abin da zai gani a fak yana zaune kusa da uwarsa muni. Ni na gwada kullen, shekara biyu na yi ina kulle su, ƙaramin har ya fara tsoron mutane, in an yi sallama sai ya ɓuya bayan kujera.

Baban_Khalifa:
Maman Ilham in kin bi ta tawa ki fara da wasan 'yar tsana, shi babu wata magana a kansa. Akwai mota ta musamman da suke kira PuppetMobile, ita ma ta City Parks Foundation ce, tana bin fak-fak da filayen wasan yara. Sai su faka su buɗe gefenta ta zama dandali, 'yan tsanan kuma da zare ake sarrafa su daga sama, tatsuniya ce kawai irin ta Gizo da Ƙoƙi sai dai tasu ta Turawa. Bai kai awa ɗaya ba an tashi. Asalin gidansu yana cikin Central Park, wani ɗan gidan katako da ake kira Swedish Cottage, a Sweden aka ƙera shi aka kawo shi baje koli a Philadelphia a 1876, shekara ɗaya bayan nan aka dawo da shi nan. Shi na cikin gidan ana biyan kuɗi, na motar ne kyauta.

Ranar da na fara kai Khalifa yana shekara 5 ya ƙi zama, sai da ya zagaya bayan motar wai shi sai ya ga wanda ke magana. Matar da ke riƙe da zaren ta sunkuya ta nuna masa yadda ake ɗaga ƙafar 'yar tsanan. Da muka koma gida safata ya ɗauka ya ɗaura mata zare, sati guda muna kallon wasa a falo.

Dan_Damagaram:
Ni abin da ke ba ni mamaki da mutanenmu, sai ka ce ba a dandali aka rene mu ba. Wa ke cikin zauren nan da bai san wasan dare ba in wata ya yi fari? 'Yan mata na gaɗa, samari na langa, tsofaffi na zaune gefe bisa tabarma suna kallo. A Zinder muna da wasan kara bayan an cire amfanin gona, yara su yi sarki da fadawa da doki na kara, gari duka ya fito kallo har manya. Ga tashe cikin azumi. Bambancin kawai mu da kaka muke fitowa in rumbu ya cika, su nan da zafi suke fitowa saboda wata biyar sanyi ya kulle su a ɗaka. Abu ɗaya ne, mutum na son ya zauna waje cikin jama'a ya ji sauti.

AbuSumayya:
Dan Damagaram dandalin da kake magana ai kowa ya san ɗan wane ne, in yaro ya kauce maƙwabci zai tsawata masa. Nan wa ya san ka? Kuma wasan dandalin ma malamai sun yi ta faɗa a kansa, ba a ce komai nasa daidai ne ba.

Malama_Islamiyya:
Maganar kiɗa akwai saɓanin malamai tun da can, kowa ya bi wanda ya natsu da shi, ba zan shiga nan ba. Abin da zan tunatar kawai, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da masu a masallaci, Nana A'isha ta tsaya bayan Manzon Allah (SAW) tana kallo har sai da ita da kanta ta gaji. Wato kai iyali kallon wasa mai tsabta ba baƙon abu ba ne a addini. Aikin iyaye shi ne zaɓe. Ni kafin mu je ko'ina sai na buga sunan mai wasan a YouTube na kalli minti biyar, in ban yarda ba ba ma zuwa, shi kenan.

Admin_Zumunci:
Jama'a don Allah kada a mai da zancen nan zauren fatawa, an ji ɓangare biyu kuma duk cikin ladabi, mun gode. 'Yar uwa tambaya ta yi a kan wuri da tsari, mai abin faɗa a kan wannan ya ci gaba.

Yar_Sakkwato:
Ni wanda na fi so duk shekara shi ne na New York Philharmonic, masu goge da sarewa da ƙaho su kusan ɗari, babu waƙa babu rawa, sauti kawai. Tun 1965 suke fitowa fak kyauta, kuma nan Bronx a Van Cortlandt Park suke yi, jirgi lamba 1 za ki hau har tashar ƙarshe ta 242. Bara munka tafi da ɗiyana da uwar mijina da ta zo ganin jika, munka shimfiɗa zanen gado bisa ciyawa, ga dambun shinkafa ga zoɓo a gora. Tsohuwa da fari cewa ta yi mi za ta yi da gogen Nasara, da aka fara sai ta yi tsit, can ta ce wannan ai ko barci aka sa ma jariri ya yi. Da aka gama aka yi wasan wuta a sama, yara har yau suna zancen. Sai dai kash, cikin Yuni suke yi, na bana ya wuce, ki riƙe shi don baɗi in Allah Ya kai mu.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. To sallah fa? Na ga yawancinsu ƙarfe 6 ko 7 ake farawa, magariba za ta riske mu a can kenan.

Hajiyar_Fordham:
Ki yi alwala daga gida ki sa darduma a jaka. In lokaci ya yi ki ja gefe bayan bishiya ki yi sallarki a kan ciyawa, ba mai ce miki kanzil. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, wayarki za ta nuna miki. Sau da yawa ina sallamewa in ga wasu 'yan Senegal ko Bangladesh sun tayar da tasu kusa da ni. Abin da ya fi shi ne ku zama ku biyu manya, ɗaya na sallah ɗaya na tsaron yara.

Uwar_Biyu:
Wannan maganar ta Hajiya ta ƙarshe ki riƙe ta da kyau. Bari in ba ki labarin abin da ya same ni don kada ya same ki. Shekara uku da suka wuce na je ni kaɗai da 'yan biyu, lokacin suna 4, na sunkuya kawai in ɗaure wa Hassana takalmi, ina ɗagowa babu Usaini. Duhu ya fara, mutane dubbai, kiɗa na tashi ko na kira sunansa ni kaina ba na jin muryata. Ƙafata ta riƙe, ban san sanda na fara salati da ƙarfi ba. Minti goma ne amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ashe mai sayar da balan-balan mai walƙiya ya bi, wata dattijuwa ta riƙe hannunsa ta kai shi wajen ma'aikata masu riga iri ɗaya. Tun daga ranar nake rubuta lambar wayata da biro a damtsensu, in sa musu riga mai kala ɗaya mai haske, in ɗauke su hoto kafin mu fita daga gida, kuma muna isa nake nuna musu ma'aikaci in ce in ba ku gan ni ba wajen mai irin rigar nan za ku je.

Maman_Ilham:
Innalillahi, jikina har ya yi sanyi. Allah Ya ƙara tsarewa.

Direba_718:
Kun ga irin abin da nake gudu kenan. Ga dawowa cikin dare a jirgi da yara uku.

Baban_Khalifa:
Direba shi ya sa aka ce ta fara da na rana kuma na kusa da gida. Ba dole sai Central Park ba. Can ɗin ma wurin yana cika, wajen mutum dubu biyar yake ɗauka, in ya cika sun rufe ƙofa, ana bin layi ana duba jaka ba a shiga da kwalba, kuma a ciki ana sayar da giya, gara ta sani tun yanzu. Na unguwa kuwa fili ne buɗe, kin ga abin da bai miki ba kin naɗe tabarmarki kin matsa ko kin tafi gida. Batun jirgi kuma, yara har uku da tsawonsu bai wuce inci 44 ba suna shiga kyauta in suna tare da babban da ya biya, to ƙaramin dai ba za ki biya masa ba.

Yaron_Nima:
Iyayenmu ku yi haƙuri in sa baki, ni a nan aka haife ni iyayena 'yan Nima ne a Accra. Abin da nake so ku gane, mu yaran da muka tashi nan in ba ku kai mu ba za mu je da kanmu in mun kai 15, kuma lokacin ba ku san da wa muka je ba. Ni mamana ta riƙa kai mu Marcus Garvey Park a Harlem ranar Asabar wajen masu kiɗan ganga, da'ira suke yi da djembe da sauran ganguna tun rana har yamma, shekara da shekaru ana yi. A nan na fara jin cewa zama ɗan Afirka ba abin kunya ba ne, don a makaranta tsokanarmu ake yi. Daga nan mu taka zuwa titin 116 wajen 'yan Senegal mu ci shinkafa da kifi. Kuma Bronx ɗin da kuke zaune, hip hop ma a nan aka haife shi, 1520 Sedgwick Avenue a watan Agustan 1973, daga baya suka fito da sifiku cikin fak suna jan wuta daga fitilar titi. Yara ne marasa kuɗin shiga ko'ina suka mai da fak dandalinsu.

AbuSumayya:
Yaron Nima maganarka ta farko ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Ina da ɗa mai shekara 13 kuma na fara ganin alamu. Amma har yanzu ina kan bakana game da wuraren kiɗa na dare. Filin ƙwallo da wurin ninƙaya na maza da ɗakin karatu, waɗannan ina kai su.

Dan_Damagaram:
Tunda an ambaci Central Park bari in faɗi nawa. Ƙarshen Yulin 2023 Mdou Moctar, ɗan Nijar mai jita, ya yi wasa a SummerStage, kwana kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga wata, an rufe iyakoki su kansu ba su da hanyar komawa gida. Na je da matata da yara. Ban iya Tamashek ba sai kalma ɗaya biyu, amma da suka fito da rawani suka fara, na ga tutar Nijar ta ɗaga can cikin taro, wallahi ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Kwana uku ina kiran gida hankali tashe, ranar ce na fara sakin jiki. Ɗiyata ta tambaye ni Baba duk Turawan nan sun san ƙasarmu? Na ce ga shi kina gani. Da ta koma lakwal da kanta ta ce ma malamarsu ita 'yar Nijar ce, da can sai ta ce Afirka kawai ta yi shiru.

Anti_Faransa:
Gaisuwa daga Paris. Mu nan babbar ranar ita ce 21 ga Yuni, Fête de la Musique, tun 1982 zamanin minista Jack Lang. Ranar kowa ke fitowa da abin kiɗansa a titi da lambu kyauta, har a Yamai ana yinta. Amma gaskiya da dare ba ta yara ba ce, cunkoso ya yi yawa. Da la'asar nake kai nawa lambun unguwa inda 'yan makarantar kiɗa ke yi, kafin takwas mun shige gida.

Bakatsine_Chicago:
Mu ma muna da namu, Grant Park Music Festival tun 1935 ake yi kuma kyauta, yanzu a Millennium Park. Sunan ma sai ya tuna min na Abuja wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003. Abin da ke cina a rai, filin nan na Abuja ga kyau ga faɗi, ga Gamji a Kaduna, ga gidan zu a Kano, amma sai da sallah suke cika. Me zai hana duk Asabar da rani a kawo masu kalangu ko 'yan kama ko masu wasan kwaikwayo iyali su zo su zauna kyauta?

Direba_718:
Wa zai biya? Nan ma ba daga sama kuɗin ke faɗowa ba, harajinmu ne da na kamfanoni da masu ba da gudummawa. Kuma can mutum na neman na masara ka ce masa kalangu.

Yar_Sakkwato:
Ai ko da yunwa ba a bar zuwa kallon dambe da kokawa ba Direba, kuma biya ake yi a shiga. Ka ga yadda Nijar ke tsayawa cak lokacin kokawar takobi. Tsari ne babu da kuma tsaro, ba son abin ne babu ba.

Hajiyar_Fordham:
Ku bar na gida tukuna, mu nan me muka yi? Kowace ƙabila a garin nan tana da ranarta a fak, mu Hausawa na Najeriya da Nijar da Ghana ga mu da yawa a Bronx amma sai suna da biki a hol, a kulle ƙofa. Na taɓa tambaya, in taro ya wuce mutum 20 ana neman izini wajen hukumar fak, dala 25 ne kuɗin takardar kuma a nema aƙalla sati uku kafin ranar, in za a sa lasifika sai an karɓi wani izinin a ofishin 'yan sandan unguwa, shi kuma dala 45. Wannan ai bai fi ƙarfinmu ba. A kawo mai kalangu ɗaya, tsohuwa ɗaya ta yi wa yara tatsuniya da Hausa, 'yan mata su koyi gaɗa, yara maza su yi langa, a ci waina a sha kunun aya. Malam AbuSumayya kai ma sai ka kawo ɗalibai su yi musabaƙa kafin la'asar.

AbuSumayya:
In za a raba wurin zaman maza da mata kuma a tsaya lokacin sallah, ni mai zuwa ne har da tabarmin masallaci. Kalangun dai a bar shi sai na tafi.

Malama_Islamiyya:
Tatsuniyar ni na ɗauka. Yaran ajina rabinsu ba su san ga ta nan ga ta nanku ba, in na faɗa sai su zuba min ido.

Baban_Khalifa:
Kafin a manta da mai tambaya. Maman Ilham ƙarin abu biyu. Akwai abincin hutu kyauta na gwamnatin gari ga duk yaro ɗan 18 zuwa ƙasa, karin kumallo da na rana, ana rabawa a wasu makarantu da fak da wuraren ninƙaya, ba a tambayar takarda ko suna, wasu wuraren akwai na halal. Sannan ki riƙa duba yanayi kafin ku fita, ruwan zafi a nan ba ya sallama, hadari zai haɗu cikin minti ashirin da tsawa a soke wasan. A Yunin 2023 ma hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe garin sama ta yi ja kamar ƙurar harmatan, har wasan kwaikwayon Shakespeare na Central Park sai da aka dakatar. Shi wannan ɗin ma kyauta ne, a dandalin Delacorte tun 1962, amma sai an bi layin tikiti kuma da dare ne ga Turancin da, ba na masu shekara 2 ba ne. In babbar ta ƙara girma sai a gwada.

Uwar_Biyu:
Kuma ki nemi abin toshe kunne na jarirai saboda ƙaramin, irin mai kama da hedfon, in ba haka ba ku zauna can baya nesa da sifika. Ruwa mai yawa, hula, maganin sauro. Banɗaki ki kai su kuna isa kafin layi ya yi tsawo.

Maman_Ilham:
Salam 'yan uwa na dawo da labari. Yau mun je, na 'yar tsanan, ƙarfe 11 na safe a wani fili da bai fi tafiyar minti goma sha biyar daga gidanmu ba, maƙwabciyar tawa ce ta raka ni da nata biyu. Na rubuta lambata a hannunsu kamar yadda Uwar Biyu ta ce. Yara sun fi hamsin zaune a ƙasa, na ga masu hijabi uku ban da ni, ɗaya 'yar Gambiya har mun karɓi lambar juna. Mai shekara 6 ɗin ya yi dariya har da faɗuwa a kan cinyata, rabon da in ji wannan dariyar tun muna gida. Ƙaramin ya tsorata da aka fito da kerkeci ya shige cikin hijabina, daga baya ya riƙa leƙowa da ido ɗaya. Bayan an tashi suka shiga wurin feshin ruwa suka jiƙe sharkaf, ban zo da kayan canji ba haka muka taho suna ɗiga. Yanzu haka duk sun yi barci tun kafin la'asar. Na kiɗan dare kam babansu ya ce a dakata sai ranar da ba ya aiki mu je tare ya gani da idonsa, ni ma hakan ya fi min.

Direba_718:
Maigidan ya yi daidai. Ni dai na dare har yanzu ban gamsu ba, amma na rana zan gaya wa madam ta kai namu.

Yaron_Nima:
Anti in za ku je na yamma ku gwada kiɗan jazz na Jazzmobile ko Charlie Parker Jazz Festival a Marcus Garvey ƙarshen Agusta, tsofaffi ne suka fi yawa da kujerunsu na naɗewa, ba hayaniya.

Hajiyar_Fordham:
Alhamdulillah ƙanwata, kin faranta min rai. Gobe ki sa kayan canji da tawul a jaka. Admin maganar taronmu fa kada ta bi iska, in muna son ƙarshen Agusta kafin a koma makaranta to satin nan ya kamata a cike takardar. Ni zan biya 25 ɗin. Wa ya san mai kalangu a Bronx ko New Jersey?

Dan_Damagaram:
Akwai wani dattijo da ke zuwa bukukuwanmu, zan tambaye shi ran Juma'a in mun haɗu masallaci. Amma Crotona za a yi ko Van Cortlandt? Don mutanen Harlem su san jirgin da za su hau.